Lamba Dubu Ɗaya da Huɗu

A ofishin zanen gine-ginen nan babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta mai da Injiniya injiniya. Ranar da ya ta da wata firinta da ta shekara a mace aka laƙaba masa sunan, shi kuma bai yi gardama ba. Ya iya aikinsa, wannan ba mai ƙwace masa. Illarsa ɗaya ce: in ya san abu, sai kowa ya san ya sani.

Ɗakinsa yana ƙarshen baranda, ɗan ƙarami mai sanyi kamar cikin firij. A nan babbar kwamfutar ofis take, wadda suke kira uwar garke, tana gurnani ba hutu. Duk zanen da aka yi a ofishin a cikinta yake. Ita ke raba foldoji ga sauran kwamfutoci ta waya, kowa ya buɗe daga teburinsa kamar a cikin tasa suke. Wanda zai gani, wanda zai rubuta, wanda zai goge, duk Injiniya ne ya tsara, kuma yana son a riƙa tunawa da haka.

Ranar Litinin da hantsi sabuwar mai zane ta leƙo ɗakin. Satinta ɗaya da kama aiki, kuma ba ta da yawan magana.

"Injiniya, foldar ayyuka tana buɗewa, amma in na zo ajiye zane sai ta ce ba ni da izini."

"Kin kashe kin kunna?"

"Sau biyu."

Ya ja ɗan tsaki, ya ɗauki laftof ɗinsa ya bi bayanta. Da suka wuce ta gaban teburin Anti, wanda aka lulluɓe kwamfutarsa da mayafi, bai ko waiga ba.

Anti ce mai kula da tsofaffin zane-zane. Shekararta ashirin da biyu a ofishin, tun ana zane da fensir da rula. Aikinta na baya-bayan nan shi ne ɗaukar hoton tsofaffin takardu da na'ura tana zubawa a uwar garke. Kwana goma sha biyu da suka wuce, foldarta ta zama wayam. Aikin wata guda ne cur, na wani babban gini, takardun asali kuma an riga an mayar wa masu su. Kwafin ajiya sai ƙarshen wata ake yi, bai kama ko fayil ɗaya ba. Manaja ya tara ma'aikata, mutum goma sha ɗaya, ya ce Injiniya ya duba rajistar da uwar garke take rubuta wa ya yi me. Ya duba a gabansu, ya karanto sunan Anti, da rana da lokaci: Laraba, ƙarfe huɗu da minti goma. Da ta ce ita ba ta tuna ta goge komai ba, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Anti, na'ura fa ba ta ƙarya." Aka dakatar da ita. Juma'ar nan za a yanke hukunci, kuma kowa ya san inda aka dosa.

Ya zauna a kujerar mai zane, ya fara daga inda ake farawa. Ya shiga uwar garke ta laftof ɗinsa, ya buɗe jerin rabo, wato fayil ɗin da ke faɗin kowace folda da kwamfutocin da aka yarda su ɗauke ta. Adireshin kwamfutar mai zane yana ciki, da izinin karantawa da na rubutawa. Ya sa uwar garke ta sake bin jerin, ya cire foldar daga kwamfutarta ya sake haɗawa, ya ce ta gwada. Ba izini. Ya duba ko an manta ba a sa ta cikin rukunin masu zane ba, ga sunanta nan. Ya shafa gemu. Can sai ya sa a nuna masa mutane da lamba a maimakon suna, nan da nan murmushi ya kufce masa.

Da ya gyara ya tashi, da an wuce wurin. Amma Injiniya ya samu ɗaliba, ina zai bari.

"Matso ki ga abin mamaki," in ji shi. "Uwar garke ba ta san sunanki ba, lamba ta sani. A kwamfutar nan ke ce dubu ɗaya da ɗaya. A wurin uwar garke kuma ke ce dubu ɗaya da sha biyu. In kika ce a ajiye zane, kwamfutarki lamba take aikawa, uwar garke ta duba littafinta ta ga wa ke da wannan lambar a wurinta. Dubu ɗaya da ɗaya a wurinta akawu ne. Me ya haɗa akawu da foldar zane?"

"Ke nan in lambata ta yi daidai da ta wani, sai ta ɗauka shi ne?"

"Yauwa! Kin fi mutane da yawa a ofishin nan saurin ɗauka. Shi ya sa duk kwamfutar da ke nan da hannuna nake daidaita lambarta. Taki ce kawai ta kuɓuce min."

"Har laftof ɗinka?"

"Wannan ai na gida ne." Ya juyo mata da shi, don ya nuna mata yadda ake tambayar lamba. Asalinsa na matarsa ne tun tana makaranta, ita da ƙannenta uku duk sun riga shi buɗe asusu a kai kafin ya are shi, aron da har yau bai mayar ba. Ya buga kalma biyu, lambar ta fito. "Kin gani? Ni a nan dubu ɗaya da huɗu ne."

Littafin uwar garke yana buɗe a gefe guda na allon. Mai zane ta bi layukan da ɗan yatsa, irin na ɗalibar da take son ta nuna ta gane karatu.

"Dubu ɗaya da huɗu… Anti. Ba ita ce mai teburin can ba?"

Ya matso kusa da allon. Ya kalli layin, ya sake kallo, sunan bai canza ba. Ya ce, "E, ita ce," da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Ya daidaita lambar mai zane, zanenta ya shiga ba gardama, ta yi godiya. Bai ji godiyar ba.

Ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa, ya buɗe rajistar ranar Laraba. Ga sunan Anti layi bayan layi, yadda ya gani a ranar taro. Sai dai rajistar ta fi allo faɗi, kuma a ranar bai matsa gefen dama ba, don ya riga ya samu suna, mutane kuma suna jiran bakinsa. Yau ya matsa. A can ƙarshe akwai adireshin kwamfutar da ta aiko da umarnin gogewa. Ba na teburin Anti ba ne, na laftof ɗin da ke kan cinyarsa ne.

Daga nan komai ya dawo masa dalla-dalla. Da safen Larabar an yi ƙorafin foldar ayyuka tana nauyi, sai ya haɗa ta da wata folda a laftof ɗinsa mai suna gwaji, don ya auna saurinta. Da la'asar yana share tarkace, ya ce a goge duk abin da ke cikin gwaji, ya manta bai cire haɗin ba, sai gogewar ta zarce har cikin foldar ayyuka a uwar garke. Har ya tuna yadda allon ya yi ta zubo saƙon "ba izini, ba izini", ya ɗauka shirme ne, ya rufe murfin ya tafi shan shayi. Waɗancan saƙonnin fayilolin sauran mutane ne da uwar garke ta hana shi taɓawa. Na Anti kuwa ta ba shi hannu biyu, don a ganinta mai su ce ta zo.

Duk sanyin ɗakin, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

To, a nan ya kamata a ce ya miƙe ya nufi ofishin Manaja. Bai miƙe ba. Abin da ya fara yi shi ne canza lambar laftof ɗinsa, wai kada a sake. Bayan haka ya zauna yana kallon rajistar, wadda duk ofishin shi kaɗai ya iya karanta ta, shi kaɗai kuma ya iya shafe ta. Bai shafe ba, amma ya daɗe yana kallo fiye da yadda mutumin kirki zai kalla. Ya ce wa kansa gobe. Ranar Talata ya ce bari Manaja ya gama da baƙi. Da ya gama da baƙi, sai ya zama ransa a ɓace yake, ba lokacin magana ba ne. A gida matarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce aiki ne. Mai zane kuwa ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen ba. Gaishe shi take yi da ladabi, ta dube shi ɗan lokaci kaɗan fiye da na gaisuwa, ta wuce. Wannan kallon ya fi zagi ciwo.

Ranar Laraba da safe ya ƙwanƙwasa ƙofar Manaja. Ya faɗi komai a tsaye, idonsa a kan kafet. Ya shirya wa tsawa, har ya shirya wa kora.

Manaja ya cire tabarau ya goge shi da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Wa ya sani?"

"Ni kaɗai, Yallaɓai. Wataƙila da sabuwar mai zane."

"To, ya tsaya a nan." Ya mai da tabaran. "Ka san me zai faru in na tara mutane na ce rajista ta yi kuskure, kuma mai riƙe da makullin komai ne ya share mana aikin wata guda? Masu ginin nan da ƙyar na lallashe su da cewa tsohuwa ce ta yi, kuma an ɗauki mataki. Za mu dawo da ita. Zan rubuta cewa an yi mata afuwa saboda shekarun da ta yi tana mana aiki. Ta samu aikinta, kai ka tsira da mutuncinka. Wa ya yi asara?"

Injiniya ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, sanyin daɗi, irin na wanda aka sauke wa kaya. Daga baya, duk cikin abin da ya faru, wannan daɗin ne ya fi ba shi kunya. Ya ce, "Na gode, Yallaɓai." Manaja ya sa aka buga takardar, ya sa hannu, ya miƙa masa ya ce ya kai mata da kansa, zai fi armashi.

Gidan Anti yana bayan wata tashar mota, a wani lungu mai kwata a tsakiya. Da azahar ya isa. Autarta ce ta buɗe ƙofa, budurwa mai kama da uwar, ta kai shi falo. Falon tsaf yake, da kujeru masu rigar saƙa da agogon bango. Abin da ya ɗauke masa ido shi ne 'yan takardu da aka manna ko'ina, a jikin ƙofar kicin, a kan talabijin, a gefen makunnin fitila, duk da rubutun Anti mai kyau kamar na inji. Daga ɗakin ciki ana jin tarin namiji.

Anti ta fito a hankali. Ta rame. Tana ganinsa ta faɗaɗa fuska.

"A'a, Injiniya ne da kansa? Sannu da zuwa, ɗana. Auta, kawo masa ruwa. Ya aiki? Ya mutanen ofis? Na bar ka da wahala, ka yi haƙuri. Na san kai aka bari da gyaran ɓarnata."

Ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe, ta koma farko, idonta ya kawo ruwa.

"Allah ya saka wa Manaja da alheri. Ban zaci haka ba." Ta ninke takardar ta ɗora a cinya. "Amma ka ce masa ba zan iya komawa ba."

"Anti, don me?"

"Kaina, ɗana." Ta taɓa goshinta. "Sati biyu ke nan ina neman Larabar nan a cikin kaina. Na tuna na ci abinci, na tuna na yi salla, na tuna takardar da nake ɗauka, mai yagaggen gefe. Ƙarfe huɗu da minti goma kuwa babu. Na goge aikin wata guda da hannuna, ko inuwar abin ba ta zauna min ba. Da farko na ce ba ni ba ce. To amma kai ka ce na'ura ba ta ƙarya, kai kuma ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Sai na ce to, ashe abin da ya sami mahaifiyata ne ya zo kaina. Ita ma haka ta fara, har ta kai ba ta gane mu."

Auta ta ajiye ruwan ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

"An kai ni asibiti," in ji Anti. "Likita bai ga komai ba, amma ya ce a sa ido, wani lokaci haka yake somawa. Ka ga takardun nan? Komai rubutawa nake yi yanzu. Na kashe gas, na kulle ƙofa, na zuba gishiri. Ko na tuna na yi, ba na yarda da kaina sai na ga rubutu." Ta yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo. "Duk wannan da sauƙi. Babansu shekara bakwai yana kwance, magani iri biyar, wani kafin abinci, wani bayan abinci, wani in aka ninka shi sai dai wani ba shi ba. Ni nake ba shi, ban taɓa kuskure ba. Yaran suka zauna suka ce in miƙa wa Auta akwatin maganin. Ban ga laifinsu ba. Baban ne dai ya ƙi karɓa daga hannunta, sai da na tsaya a kansa ina roƙo. Ya ce min, 'Ke ma kin gaji da ni ke nan?'"

Injiniya ya ajiye kofin ruwan. Ya soma magana, kuma da yake shi ne, ta hanyar lamba ya soma. Ya ce uwar garke ba ta san suna ba, ya ce dubu ɗaya da huɗu, ya ce folda mai suna gwaji, ya ce gefen dama na rajista. Anti tana kallonsa da haƙuri irin na mai sauraron yaro.

"Ɗana, ka faɗa min yadda zan gane."

Ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Ba ke kika goge ba, Anti. Ni ne. Daga kwamfutata aka goge, na'urar ta rubuta sunanki. Ba abin da kika manta. Kanki lafiya lau yake."

Anti ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta cire tabaranta ta riƙe.

"Ƙarfe huɗu da minti goma," ta ce a hankali, "ina ɗaukar takardar nan mai yagaggen gefe."

"E, Anti."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya so ƙwarai ya ce yau. Bakinsa har ya shirya.

"Litinin."

"Litinin." Ta gyaɗa kai. "Jiya Talata na miƙa akwatin."

Ya sunkuyar da kai har yana ganin zaren kafet ɗaya-ɗaya. Ta ɗaga takardar da ke cinyarta.

"Manaja ya san wannan maganar da ya rubuta min afuwa?"

"Ya sani."

"Kai kuma ka ɗauko ka kawo."

"Na ɗauko, Anti."

Ta miƙo masa ita, ba da fushi ba, kamar mai mayar da saƙon da aka kawo gidan da ba shi ba.

"Mai laifi ake yi wa afuwa. Ka mayar masa da abarsa." Ta juya. "Auta, kawo min akwatin maganin babanki."

Auta ba ta motsa ba. Ta dubi uwarta, ta dubi baƙon da ke durƙushe.

"Mama, su Yaya sun ce sai likita ya…"

"Ba ta gane ba," in ji Anti, ba tare da ta kalle shi ba. "Tashi ka faɗa mata. Ka ɗaga murya yadda babanta zai ji daga ciki."

Ya miƙe. Ya fuskanci yarinyar da ƙofar ɗakin da ke bayanta, ya ce ba mahaifiyarta ce ta goge ba, shi ne. Ya ce ya ɗora wa Anti laifin a gaban mutane ba tare da ya duba da kyau ba, kuma ya gane gaskiya ya yi kwana biyu yana riƙe da ita. Tarin da ke ciki ya tsaya.

Auta ta shiga ta fito da wani ɗan akwatin roba mai gida-gida, ta miƙa wa uwarta da hannu biyu. Anti ta buɗe, ta dubi agogo, ta zaro ƙwaya biyu farare da ɗaya ja ba tare da ta karanta komai ba. Ta ɗauki ruwan da aka kawo wa Injiniya, wanda bai sha ba, ta shige ɗakin mijinta ta janyo ƙofa.

Ya tsaya a tsakiyar falon da takarda a hannu. Babu wanda ya ce masa ya zauna, babu wanda ya ce ya tafi.